Ƙaramin Sauro Da Babban Mutum: Tarihin Zazzaɓin Cikungunya



Duk mai sauraren rediyo zai tuna cewa a cikin watan Agusta na 2025 an yi ta ba da labarin wani zazzaɓi mai suna cikungunya da ya ɓarke a birnin Foshan na kudancin ƙasar Sin, har ya kwantar da mutum sama da 7,000 cikin 'yan makonni. Da yake sunan baƙo ne a kunnen Bahaushe, kuma daga Sin labarin ya fito, kafin a ce kwabo magana ta bazu a majalisu da tashoshin mota cewa ga wata sabuwar korona nan an sake ƙerowa. Dalilin da ya sa ke nan na zaɓi in yi rubutuna na wannan fitowa a kan tarihin cutar. Ba sabuwa ba ce, ba kuma 'yar Sin ba ce. 'Yar Afirka ce gaba da baya, likitoci sun san ta tun kafin Nijeriya ta sami mulkin kai, kuma an same ta a jinin yaran ƙasar nan shekaru sittin da suka wuce. Batun cewa wasu sun taɓa tunanin mayar da ita makami kuwa, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba yadda ake faɗarsa ba, kuma za mu zo kansa.

Labarin a rubuce ya fara ne a 1952, a wani tudu da ake kira Makonde a kudancin Tanganyika, wato Tanzaniya ta yanzu, dab da iyakarta da Mozambik. A shekarar nan wani zazzaɓi ya auka wa ƙauyukan gundumar Newala. Mutum yana cikin aikinsa lafiya lau, sai jiki ya ɗau zafi farat ɗaya, gaɓoɓi su riƙe, musamman wuyan hannu da yatsu da idon sawu da gwiwa, bayan 'yan kwanaki kuma ƙuraje su feso. A wasu ƙauyukan fiye da rabin mutane sun kwanta cikin mako biyu zuwa uku. Wanda ya samu ya miƙe kuwa, sai a gan shi yana tafiya a duƙe kamar tsohon da ya ba tamanin baya. Daga wannan tafiya ce mutanen wurin suka laƙaba wa ciwon suna da harshensu, ma'anarsa abin da ke tanƙwara mutum. Wata likita mai suna Marion Robinson ta rubuta yadda ciwon yake kama jiki, wani mai suna Lumsden ya bi diddigin yadda yake yaɗuwa, shi kuma Ross na cibiyar bincike ta Entebbe a Uganda ya ware ƙwayar cutar daga jinin marasa lafiya a 1953, aka tabbatar bairos ce, kuma sauro ke ɗaukar ta.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan labari shi ne maganar ruwa. Tudun Makonde wuri ne mai ƙarancin ruwa, sai an gangara nesa ake ɗebowa, saboda haka kowane gida yana ajiye abinsa cikin manyan tukwanen ƙasa a ɗaki. To, cikin waɗannan tukwane ne sauron yake hayayyafa. Wanda duk ya tashi a Babban Mutum ko Ɓaure ko Zango ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Ya san randa a inuwar rumfa, ya san tulu da duro da jarkokin 'yan garuwa, ya san kaskon ruwan kaji da ba a zubarwa sai dai a ƙara. Ƙasar Daura dai tarihinta ma da maganar ruwa ya buɗe, in muka tuna labarin rijiyar Kusugu da ake cewa sai ranar Juma'a ake ɗiba. Ke nan ajiyar ruwan mako guda gadonmu ne, kuma kamar da gangan, mako guda zuwa kwana goma shi ne abin da wannan sauro yake bukata daga ƙwai zuwa tashi.

Ya kamata a nan mu rarrabe sauro da sauro, kamar yadda malaminmu na Bayoloji ya yi ta zana mana a allo, mu kuwa hankalinmu yana kan ƙararrawar cin abinci. Sauron maleriya, wanda ake kira Anofilis, da dare yake cizo, kuma a kududdufi da ƙananan tafkunan damina yake haihuwa. Na cikungunya kuwa sunansa Edis, baƙi ne mai ratsin fari a ƙafafu, da rana yake farauta, musamman da hantsi da kuma la'asar sakaliya. Ba ruwansa da kwatami mai wari. Ruwa mai kyau yake so, na cikin mazubi. Yakan liƙa ƙwansa a jikin randa ko taya ko gwangwani, sama kaɗan da bakin ruwa, ƙwan kuma ya yi watanni a bushe bai mutu ba, ranar da ruwa ya taɓa shi sai ya ƙyanƙyashe. Shi ya sa zubar da ruwan randa kawai ba ya isa, sai an dirje cikinta da soso. Shi ya sa kuma gidan sauro, duk da amfaninsa, ba ya kare kowa daga wannan sai jarirai da marasa lafiya masu barcin rana. Wannan sauron dai shi ne mai ɗaukar shawara, shi ne kuma mai ɗaukar zazzaɓin dengi.

Amma 1952 shekarar raɗin suna ce kawai, ba ta haihuwa ba. Masanin tarihin nan na Masar, Abdurrahman al-Jabarti, ya ba da labarin wani zazzaɓi da ya game Alƙahira a 1779, wanda mutanen gari suka kira abu rukab, wato mai kama gwiwoyi. A shekarar nan kuma wani likita ɗan ƙasar Holan ya rubuta irinsa a Batabiya, wato Jakarta ta yau. An sake ganinsa a Zanzibar a 1823 da 1870, daga nan jiragen ruwa suka kai shi Indiya. Shekara da shekaru littattafan likitanci suna lissafa waɗannan annobai a matsayin dengi. Sai a 1971 wani likita Ba'amurke mai suna Donald Carey, wanda ya yi aiki a Ibadan, ya koma ya karanta tsofaffin rahotannin, ya lura cewa masu ciwon sun yi watanni suna fama da gaɓoɓi bayan zazzaɓin ya sauka, abin da dengi ba ya yi. Ya ce cikungunya ce aka yi wa sunan wani. Masana da yawa sun karɓi wannan ra'ayi.

Gidanta na asali kuwa daji ne. Tana zagayawa tsakanin birai da sauron kan itatuwa, lokaci-lokaci ta faɗo kan mutum, shi kuma ya kai ta gari. Masu bincike na Cibiyar Pasteur ta Dakar sun shafe shekaru masu yawa suna bin wannan zagaye a yankin Kedugu na ƙasar Sanagal, kuma an gano cewa ta Afirka ta Yamma dangi ne mai zaman kansa, dabam da ta gabashin Afirka da ta Asiya.

A Nijeriya, tarihin cutar a haɗe yake da tarihin ɗakin bincike guda ɗaya. A 1964 aka buɗe ɗakin binciken ƙwayoyin bairos a Jami'ar Ibadan tare da taimakon Gidauniyar Rockefeller. Aikin da suka sa wa gaba mai sauƙin faɗa ne: yaran da aka kawo asibitin koyarwa da zazzaɓi, a ɗebi jininsu a duba mene ne a ciki. A shekarar farko suka sami cikungunya. A 1969 ta zama annoba a birnin, akasari a tsakanin ƙananan yara, a 1974 kuma ta sake dawowa. Ina so mai karatu ya tsaya a nan ya yi tunani. Iyayen yaran nan ba su zo suna cewa ɗansu yana da cikungunya ba. Zazzaɓi suka ce, kamar yadda kowace uwa take faɗa. Da babu wannan ɗaki a kusa, da an ba su maganin maleriya an sallame su, yawancinsu kuma su warke, a ce magani ya yi aiki. Ba don Ibadan ta fi ko'ina ciwo ne sunanta ya shiga littafi ba, sai don a nan mai dubawa yake zaune.

Mu a Arewa kuwa, hankalin hukuma da na masana a kan maleriya ya tattara, kuma ba za a ga laifinsu ba, domin ita ce mai kisa. A 1954 aka fara aikin feshin gidaje a yammacin Lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi, amma kafin a je ko'ina, a 1955, aka gano a Ambursa cewa sauron ya daina jin maganin da ake kira dildirin. Daga 1969 zuwa 1976 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da shahararren binciken nan na Garki, a lokacin tana cikin Jihar Kano, yanzu kuwa Jigawa. Daga Babban Mutum, in ka bi ta Ɓaɓura, ba wata tafiya ba ce mai nisa. An yi feshi a ƙauyuka sama da ɗari, a wasu an haɗa da raba magani gida-gida, aka ƙirga sauro dare da rana. Sakamakon shi ne ciwon ya ragu ƙwarai amma bai yanke ba, kuma da aka daina sai ya dawo. Har gobe ana karanta littafin Garki a manyan makarantun kiwon lafiya na duniya, alhali da yawa daga cikinmu maƙwabtan wurin ba mu taɓa jin labarinsa ba. To amma duk wannan aiki a kan Anofilis aka yi shi.

Shi sauron randa, duba-gari aka bar wa. Tun 1932 aka buɗe Makarantar Tsafta ta Kano don horar da su, kuma dattawanmu suna ba da labarin yadda a zamanin En'e duba-gari yake shiga gida ya leƙa randa, in ya ga tsutsar sauro tana wutsil-wutsil a ciki sai tara. Mata ba su ƙaunarsa ko kaɗan. Da an ji ya shigo unguwa sai kowace ta tuntsurar da randarta ta wanke kafin ya iso, tana Allah wadai. Abin dariyar shi ne, wannan tuntsurarwa ita ce ainihin abin da ake nema, ko ya shigo ko bai shigo ba. Shawara ake gudu a lokacin, kuma da dalili, domin a 1969 ta yi ɓarna mai yawa a ƙasar Jos, ta sake yi a Oju ta Binuwai a 1986 da ƙasar Oyo a 1987. Amma ba tare da an yi niyya ba, wannan leƙen randa yana tare wasu cututtukan da ba a ma san sunansu ba. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 aikin ya yi ta ja da baya har ya zama sai labari. Mu ma'aikatan gwamnati mun san yadda irin wannan ke faruwa: aikin da nasararsa ita ce kada a ga komai ya faru, shi ake fara yanke wa kuɗi ranar kasafi.

Yanzu sai mu dawo kan maganar makami. Ruwa ba ya tsami banza. A 1940 sojojin Japan sun zubo ƙuma mai ɗauke da annobar ɓeraye daga jirgin sama a kan birnin Ningbo na ƙasar Sin, mutane suka mutu. Amurka ta kafa nata sansanin binciken makaman cuta a 1943 a wurin da ake kira Fort Detrick, a Jihar Maryland. A 1955 sojojinta suka saki sauro kimanin 330,000 a Jihar Jojiya, irin wannan Edis ɗin dai, marasa cuta a jiki, don su ga ko za su rayu bayan an jefo su daga sama, su kuma nemi mutane su ciza. Shawara suke da niyyar ɗora wa sauron in ta kama. Cikungunya tana cikin jerin cututtukan da suka yi nazari a kansu, kuma wata 'yar uwarta ta jini, mai haddasa zazzaɓin dawakan Benezuwela, har tara ta suka yi a matsayin makami.

Mutum zai ce, mene ne amfanin makamin da ba ya kisa? Lissafin soja dabam ne. Wanda ya mutu an binne shi an wuce. Wanda ya kwanta kuwa yana bukatar gado da mai jinya da mota da abinci, kuma bataliyar da rabin mutanenta ba su iya riƙe bindiga ko ɗaure takalmi, ta tashi daga aiki ko da ba a rasa rai ko ɗaya ba. Wannan lissafi ya kamata mu riƙe shi, domin zai yi mana amfani nan gaba, ba a fagen yaƙi ba, a gona.

A watan Nuwamba na 1969, shekarar annobar Ibadan da ta Jos, Shugaba Nixon ya ba da sanarwar cewa Amurka ta yi watsi da makaman cuta, aka kuma lalata abin da aka tara. A 1972 ƙasashen duniya suka rattaba hannu kan yarjejeniyar haramta su, ta fara aiki a 1975, Nijeriya kuma tana cikin waɗanda suka shiga tun farko. Ba kowa ne ya cika alkawari ba. Tarayyar Sobiyat ta ci gaba da nata a ɓoye, har a 1979 wata ƙwayar cuta ta tsere daga wata masana'antar soja a Sverdlovsk ta kashe mutane da dama, abin da Shugaba Yeltsin bai amsa ba sai a 1992. Saboda irin wannan ne har yanzu cikungunya take cikin jerin ƙwayoyin da ƙasashe masu yawa suke sa ido a kan fitar da su daga wannan ɗakin bincike zuwa wancan. Sansanin Fort Detrick kuma ya koma binciken kariya. A can ne a shekarun 1980 aka haɗa wata allurar rigakafin cikungunya daga ƙwayar da aka samo a jikin wani mara lafiya a Tailan a 1962. An gwada ta a kan mutane, aka buga sakamakon a 2000, ya yi kyau, amma sai aka ajiye ta. Sojan Amurka ba ya cikin haɗari, masu ciwon kuwa talakawan Afirka da Asiya ne da ba su da kuɗin saye.

Iyakar gaskiyar maganar ke nan. An yi nazarinta, an yi tunanin mugunta da ita, amma babu wata annobar cikungunya da aka taɓa samun shaidar cewa hannun mutum ne ya sake ta. Masana a yau suna iya karanta salsalar ƙwayar cuta kamar yadda maroƙi yake jero kakannin basarake, su ce wannan 'yar wance ce, daga gari kaza ta taso a shekara kaza. Kuma da aka bi salsalar manyan annobai na zamaninmu, ba a sansanin soja aka tsaya ba, a bakin randa aka tsaya.

Ga yadda abin ya faru. A 2004 aka yi fari a gaɓar tekun Kenya. Mutanen tsibirin Lamu suka shiga tara ruwa a duk mazubin da suka samu, ba sa zubarwa saboda tsadarsa. Cikungunya ta ɓarke, binciken jini daga baya ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na mutanen tsibirin sun kamu. A lura, fari ne ya kawo ta, ba ambaliya ba. Wanda yake ganin ƙarancin ruwan samanmu kariya ce gare mu, to ya sake lissafi. Daga Kenya ta haye tsibiran Komoros, daga nan ta isa Reyuniyon, wani tsibiri mallakar Faransa, inda tsakanin 2005 da 2006 ta kama mutum wajen 266,000, wato sulusin jama'ar wurin, aka kuma danganta mutuwar sama da 200 da ita, akasari tsofaffi da masu wani ciwon a jiki. A can ne ƙwayar ta yi wani ɗan canji guda ɗaya tak a jikinta, wanda ya ba ta damar shiga wani sauron, ƙanen Edis ɗin da muka sani, ɗan asalin Asiya, mai jure sanyi. A 2006 Indiya ta lissafa sama da mutum miliyan ɗaya. A 2007 wani matafiyi ya kai ta arewacin Italiya, mutum wajen 200 suka kamu. A ƙarshen 2013 ta sauka a tsibirin Saint Martin, cikin shekara guda kuma aka lissafa fiye da miliyan ɗaya a nahiyar Amurka.

Shi wannan sauro ɗan Asiya, a cikin tsofaffin tayoyi ya zagaye duniya, ƙwansa a liƙe a ciki. An fara ganinsa a Nijeriya a 1991, a Jihar Delta, lokacin da ake binciken ɓarkewar shawara. Shekarun nan kuwa su ne na bunƙasar tayoyin gwanjo, bayan tsarin tsuke bakin aljihu ya sa sabuwar taya ta gagari mai mota. Yau babu garin da za ka shiga ba ka ga tarinsu a gaban mai faci ba, wasu kuma an ɗora a kan rufin kwano don kada iska ta yaye.

Mai karatu zai ce duk wannan nesa ne. To bari mu matso. A 2018 ta ɓarke a Kasala ta gabashin Sudan, garin da ke da Hausawa masu yawa, aka lissafa sama da mutum 13,000 kafin farkon Oktoba. A 2020 sai ga ta a Abeshe ta gabashin Cadi da yankunan da ke maƙwabtaka da ita, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da adadin mutum 27,540 daga Yuli zuwa 20 ga Satumba, mutum ɗaya ya rasu. Duk wanda kakansa ya tafi Makka a ƙasa ya san sunan Abeshe, domin zango ne a kan tsohuwar hanyar alhazai, kuma ƙasa ce ta rairayi da gero da ƙarancin ruwa, tamkar tamu. A 2023 an same ta a Pouytenga ta Burkina Faso. A ƙarshen wannan shekarar kuma Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa ta tabbatar da ɓullar dengi a Sakkwato, wanda yake nuna sauron yana nan yana aiki a irin yanayinmu. Tun kafin nan, wani bincike da masanan Jami'ar Maiduguri suka buga a 2013 ya duba jinin mutanen da suka je asibiti ana zaton maleriya ko taifot ke damunsu, aka tarar kusan rabinsu jikinsu ya taɓa haɗuwa da cikungunya. Masu iya magana suka ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Babban Mutum kuwa bakin iyaka ne. Sauron kansa ba ya nisa, tafiyarsa duk ba ta wuce 'yan gidaje. Mutum ne jirginsa. Ƙwayar takan yi kamar mako guda tana yawo a jinin wanda ya kamu, kuma kafin zazzaɓin ya bayyana akan ɗauki kwana uku zuwa bakwai. Cikin waɗannan kwanaki direban babbar mota ko falke ko ɗan ci-rani ya isa ya taso daga Legas ko Injamena ya kwana a gidansu, ko ya wuce Magarya da Damagaram. An rufe wannan iyaka a 2019, an sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, kuma mu 'yan ƙasa mun san iyakar abin da rufewar ta hana. Shingen kwastan yana tare buhun shinkafa, amma ba a taɓa tare zazzaɓi da shi ba.

Nan ne lissafin sojan nan yake dawowa. A Abeshe cikin Agusta da Satumba abin ya yi tsanani. A ƙasarmu wannan shi ne lokacin da gero yake nuna, ga wake ga gyaɗa suna biye. A ce rabin magidantan ƙauye sun kwanta mako biyu, in sun tashi kuma wuyan hannu ba ya riƙe lauje ko magirbi. Ba za a ji kukan mutuwa ba, saboda haka ba za a ji labari a rediyo ba, amma rumbu zai faɗa. Ciwon gaɓoɓin kuma a jikin wasu yakan yi watanni, har shekara da ɗoriya, ya tafi ya dawo. Tela da magini da mai daka da mai ɗinkin hula duk da yatsu suke ci. Irin wannan ciwo mu sanyin ƙashi muke ce masa, in ya daɗe kuma a fara zargin jifa, a sayar da akuya a kai wa mai magani. Kafin nan an riga an sha allurai a kemis da sunan maleriya da taifot, waɗannan tagwaye da kowane zazzaɓi yake komawa gare su. Alhali cutar ba ta da wani magani nata na musamman: hutu ne, da shan ruwa da yawa, da farasitamol. Asfirin da danginsa masu kashe ciwon jiki ana hana su har sai an tabbatar ba dengi ba ne, domin a dengi suna iya jawo zubar jini. Wanda ya warke kuwa, galibi ba ta sake kama shi.

Saura maganar allura, ita ma tana da nata nauyin a wurinmu. Amurka ta amince da allurar farko mai suna Ixchiq a Nuwamba 2023, ta biyu mai suna Vimkunya a Fabrairu 2025. A Agusta 2025 kuma ta dakatar da ta farkon bayan an sami rahoton mummunar illa, musamman a jikin tsofaffi. A ganina wannan dakatarwa alama ce cewa akwai masu sa ido, amma na san yadda za a fassara ta a majalisa, kuma ba zan ce mutanenmu ba su da hujja ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, cikin yara kimanin 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, shari'a ta yi ta ja har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Sai dai gudun ma yana da kuɗinsa: dakatar da allurar shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004 ya sa cutar ta koma ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita, kuma 'ya'yanmu ne suka fara biya da ƙafafunsu. Zargi ba ya maye gurbin ɗakin bincike. Ƙasar da ba ta iya duba jinin ɗanta ta faɗi abin da ke ciki, ba za ta iya bambance annobar da ta zo da kanta da wadda aka aiko mata ba, balle ta tuhumi wani.

A cikinmu akwai malaman asibiti da ma'aikatan ɗakin gwaji da kansiloli da masu unguwanni, kuma su ne za su fara gani in ta zo. Alamarta ba a jikin mutum ɗaya take ba, a unguwa take: gida guda mutum huɗu ko biyar sun kwanta cikin mako ɗaya, babba da yaro, duk suna kukan hannu da ƙafa, an yi gwajin maleriya bai nuna komai ba, ko an ba da maganin bai yi aiki ba. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, shi ake gaya wa, shi ne zai ɗebi jini ya aika sama har ya isa babban ɗakin gwaji na ƙasa da ke Gaduwa a Abuja. Masu ciwon kuma a sa su cikin gidan sauro har da rana, don kada sauron gida ya cije su ya kai wa maƙwabta. Jinin a makon farko ake son ɗibarsa. In aka wuce haka ƙwayar ta riga ta bar jini, sai dai a nemi sawunta, kuma sawun nata yana kama da na wata 'yar uwarta mai suna onyong-nyong, wadda ta kama mutum wajen miliyan biyu a gabashin Afirka tsakanin 1959 da 1962.